Addu'ar Asabar a Bayan Bangon Fasto

Shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, ita ce shekarar da aka kawo mana sabon Fasto a cocinmu na unguwar Television. Lokacin ina da shagon ɗinki a kan hanyar shiga kasuwa, maigidana kuma yana aiki a masaƙa a Kakuri. Tsohon Fastonmu ya yi ritaya ya koma ƙauyensu, bayan ya daɗe yana juya mana wa'azi guda huɗu. Mun haddace su tsaf. Idan ya buɗe baki da labarin akuyar kakarsa, mun san za a tashi da wuri, sai mata su fara lissafin abin da za su ɗora a wuta.

Sabon ɗan Filato ne, siriri, mai tabarau, bai daɗe da gama makarantar tauhidi ba. Ya zo da akwati biyu na littattafai da matarsa mai ciki. Maganarsa ƙasa-ƙasa, sai ka kasa kunne. Ran Lahadinsa na farko, da ya gama wa'azi, ya ce, “Abu ɗaya nake roƙonku. Ran Asabar da safe nake zama in shirya abin da zan faɗa muku. Ku riƙa tunawa da ni cikin addu'a.”

Na tabbata nufinsa kowa ya tuna da shi a inda yake, mai wanki a wurin wankinta, mai tuƙi a kan hanya. Amma Uwar Zumunta tana zaune a bencin gaba, kuma ta ji.

Ita ce shugabar zumuntar matan cocin. Ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, kuma har lokacin tana yi wa mutane magana kamar ta zo da allura a hannu. Mijinta dattijon ikilisiya ne, ɗan kwangila. Kafin mu kai ƙofar fita ranar, ta riga ta zaɓi mata bakwai, ni ce ta biyar. Ba ta tambayi kowa ko tana da wani aiki ran Asabar ba.

“Bawan Allah ya roƙi taimako,” in ji ta. “Ƙarfe goma, ɗakin ganguna. Wadda ta makara ta san abin da za ta faɗa wa Ubangiji.”

Ɗakin ganguna shi ne inda muke ajiye tulunan kiɗa da caki da manyan tukwanen biki. Bango ɗaya ya raba shi da ofishin Fasto, bangon kuma bai kai rufi ba. An gina shi ya ɗan wuce tsayin ƙofa aka tsaya, ba a sa silin ba. Muna durƙushe muna jin Fasto yana buɗe shafi, muna jin cokali yana kewaya kofin shayinsa. Babu wadda ta ce komai game da wannan, amma kowa ta lura.

Asabar biyu na farko addu'a muka yi ta gaskiya, ko kusa da haka. Mun roƙa masa hikima, da lafiya, da murya mai ɗan ƙarfi. A ta uku ne wata daga cikinmu, matar wani direban tanka, ta fashe da kuka ana tsakiyar addu'a. Mijinta ya dawo daga tafiya ya zarce gidan burkutu, kwana biyu ba ta gan shi ba. Ta faɗa wa Allah komai, har da sunan layin da gidan yake. Ba da wata manufa ta yi ba, abin ne ya cika mata ciki. Muka ce amin, muka rarrashe ta, muka watse.

Washegari Fasto ya yi wa'azi a kan haƙuri. Can wajen ƙarshe sai ya cire tabarau ya ce akwai gidajen da uba yana raye amma yara suna zaman marayu saboda ƙwarya ɗaya ta abin sha. Direban yana can baya kusa da taga, ya sunkuyar da kai. Matarsa ta matse mini hannu har sai da na ji zafi.

Bayan sujada Uwar Zumunta ta tara mu a gindin mangwaro.

“Kun gani?” ta ce. “Ruhu ya yi magana. Jiya muka roƙa, yau an amsa.”

Wata malamar firamare 'yar Binuwai, wadda ita ma tana cikinmu, ta ce a hankali, “Mama, ai amsar ba ta yi doguwar tafiya ba.”

Uwar Zumunta ta dube ta sama da ƙasa.

Daga wannan makon addu'armu ta sauya. Da farko a da'ira muke durƙusawa, sai ga shi duk mun koma muna fuskantar bangon. Muryoyi suka ƙaru. Kowa tana zuwa da abinta a shirye tun daga gida. Ba a kama suna, domin mu masu tsoron Allah ne. Sai dai a ce, “Ya Ubangiji, ka buɗe idon bawanka ya ga 'yan matan ƙungiyar mawaƙa masu ɗaura ɗankwali rabin kai, musamman mai tsayawa ta biyu daga hagu.” Wata ta roƙi a ba shi saƙo game da surukai masu zuwa kwana uku su yi wata uku. Wata ta kai ƙarar masu gidajen haya da ke kulle famfo. Idan mai addu'a ta manta wani bayani, ta kusa da ita sai ta cika mata cikin amin ɗinta.

Fasto kuwa yaro ne mai tausayi, ya ɗauka kukan tumakinsa yake ji. Ba duka yake ɗauka ba, amma kowace Lahadi sai wani abu ya fito. Mu bakwai muna zaune a jere muna jira, kamar waɗanda suka kai niƙa inji. Wadda nata ya fito sai ta ce amin da ƙarfi ta gyara zama. Wadda nata bai fito ba ta san mako mai zuwa sai ta ƙara murya.

Ni ma na kai nawa, ba zan ɓoye ba. Akwai wata tela 'yar Nasarawa da ta buɗe shago a Narayi ta fara zuwa cocinmu. Shekaru ni nake ɗinka ankon zumunta, amma a wannan shekarar sai aka ba ta, wai hannunta ya fi na zamani. Na kwana uku ina tsara addu'ata a kan keken ɗinki. Ran Asabar na durƙusa daf da bango na ce, “Ya Uba, kai ka san akwai masu sana'a a cikin gidanka da ake ba su yadi shida su yi aiki da biyar. Ka ba bawanka ƙarfin hali ya tsawata musu, ko da sababbin zuwa ne.” Na ji cokalin shayi ya tsaya. Raina ya yi fari.

Ran Lahadi na yi kwalliya na zauna inda zan iya hango ta. Ban gan ta ba. Ashe an yi musu rasuwa ta tafi gida tun ran Juma'a. Fasto ya yi wa'azi a kan gaskiya cikin sana'a, ya ambaci mai awo, ya ambaci makaniki, sannan ya ce, “Ko tela da ke tura ragowar yadin mutane ƙarƙashin keke, Allah yana ganin ƙarƙashin keke.”

Tela ɗaya ce a cikin cocin ranar. Kawuna suka juyo layi-layi. Abin da ya ƙara lalata lamarin, 'yata tana zaune kusa da ni cikin wata riga da na haɗa mata da ƙyalle kala uku. Matar da ke bayanmu ta miƙo hannu ta shafa wuyan rigar, ta ce a kunnena, “Maman yara, wannan atamfar kamar na san ta.” Tata ce, ta bikin ƙanwarta. Na ce amin tare da kowa, domin babu abin da ya rage mini in faɗa. A hanyar gida maigidana ya yi ta dariya har ya tsaya ya dafa sandar lantarki.

Wannan ya isa ya koya wa mai hankali darasi. Ni abin da na koya shi ne in fara tabbatar da mutum yana gari kafin in sa shi a addu'a.

Sai siyasa ta shigo ɗakin ganguna. An yi zaɓen kansiloli tun kafin sojoji su sauka, mijin Uwar Zumunta ya ci kujerar mazaɓarmu, wanda ya kayar kuwa yayan mijin Malama 'yar Binuwai ne. Da aka rantsar da farar hula, shi ma aka rantsar da shi, ya sayo babbar riga da hula mai tsayi, ya daina amsa gaisuwa sai an haɗa da Honarabul. Aka sa ranar sujadar godiya. Saura mako uku, Uwar Zumunta ta buɗe addu'a da kanta.

“Ya Ubangiji, kai ne kake naɗa shugabanni. Ka nuna wa bawanka yadda ka ɗauki mutum daga cikin wannan ikilisiya ka ɗaukaka shi. Ka sa masa kalmomin girmamawa a baki, kada ya yi ƙasa-ƙasa da su, domin manyan baƙi za su zo.”

Muka ce amin. Malama ta karɓa, murya a sanyaye kamar tana kiran sunayen 'yan aji.

“Ya Uba mai gani a ɓoye, kai ka ga sabulu da gishirin da aka raba a layinmu ana gobe zaɓe. Ka ga wadda ta riƙe buhun. Ka ba bawanka saƙo a kan masu sayen abin da ba na sayarwa ba.”

Amin ɗin da ya biyo baya mutum biyu ne suka faɗa, su ma a ciki-ciki. Ni ban ce komai ba, don sabulun yana bayan gidana, ban ma gama da shi ba.

Uwar Zumunta ta sake karɓa ba tare da an ba ta ba. Ta roƙi Allah ya warkar da masu ciwon hassada. Malama ta roƙi ya tuna da masu girman kai. Haka suka yi ta miƙa wa juna ta hannun Ubangiji har ƙarfe goma sha biyu ta wuce, idanu a rufe, kowa tana cewa “cikin sunan Yesu” kamar tana murɗa kunnen ɗayar. Daga bayan bango ba mu ji motsin shafi ko ɗaya ba.

Asabar ta gaba ƙofar ofishin a rufe take, ba ƙarar cokali. Uwar Zumunta ta ce azumi yake yi saboda girman ranar da ke zuwa, don haka mu ƙara himma. Muka ƙara. Amma wa'azin Lahadi bai taɓo komai daga abin da muka aika ba. Na bayansa ma haka. Matar da ke fama da surukarta ta ce ita dai tana ganin Fasto ya fara bushewa.

Ranar godiya coci ya cika har waje, an yi hayar rumfa. Honarabul ya shigo da rawa, 'yan jam'iyyarsa na biye da shi. Fasto ya hau mumbari ya yi wa'azi a kan ruwan sama, yadda yake sauka a gonar kowa ba ya tambayar ta wane ne. Wa'azi ne mai kyau, mafi kyau da na taɓa ji daga bakinsa, kuma muryarsa ta kai har rumfa. Sau ɗaya ya ambaci mai bikin. Ya ce, “Muna taya dattijonmu murna. Muna kuma yi masa addu'a Allah ya tuna masa da kwalbatin ƙofar cocin nan, wanda yaranmu ke tsallakawa da takalma a hannu.” Mutane suka tafa, suka daɗe suna tafawa. Honarabul ya yi murmushin da iyakarsa haƙora. Uwar Zumunta ba ta taɓa shinkafar bikin ba.

Bayan kwana biyu matar Fasto ta zo shagona da jaririnta a baya, tana so in rage mata wata riga. Yarinya ce mai kunya, kullum Mama take ce mini. Ina gwada ta na ce, “Azumin Baba Fasto bai ƙare ba? Mun daina jin motsinsa.”

Ta yi 'yar dariya. “Mama, ba ya nan ai. Tun ranar da aka yi addu'ar sabulu.”

Ta ce ranar ya shigo gida ya zauna a bakin gado, takardarsa fara fat, ya ce mata ya rasa wane ne ke magana a cikin kansa. Tun da muka fara, in ji ta, ba ya iya cin abinci ran Asabar, ciwon cikinsa ke tashi. Idan ya ɗauki abin da muka faɗa sai ya ji kamar ɗan aike, idan ya bari sai ya ji ya yi watsi da masu kuka. Ya yi niyyar yi mana magana sau da yawa, amma yaya zai ce wa iyayensa su daina yi masa addu'a, alhali shi ya roƙa? Shi ya sa yanzu da sassafe yake fita ta ƙofar baya, ya shiga bas ya ƙetare gada zuwa Unguwar Sanusi. Akwai wani Malam mai gyaran agogo a can, tsohon abokin mahaifinsa tun suna aikin jirgin ƙasa. Shi ke ba shi benci a ƙuryar shago. Malam yana aikinsa, shi yana nasa, ba mai ce wa wani komai sai in an kawo ƙosai.

“Don Allah, Mama, ya tsaya a nan,” ta ce. “Ke kaɗai na faɗa wa.”

Na ce mata haba, ai ni ba yarinya ba ce.

Ta gyara goyonta ta tafi. Na tsayar da keke na ce bari in yi masa addu'a ni kaɗai, ba bango, ba kowa. Na rufe ido, sai na tarar ban san abin da zan roƙa masa ba. Wata biyar ina durƙusawa saboda shi, ban san ko iyayensa na raye ba, ban san yana da ciwon ciki ba. Na ce Allah ya ba shi lafiya, na buɗe ido na ci gaba da ɗinki.

Asabar ɗin da ta biyo na je ɗakin ganguna na zauna ina kallon Uwar Zumunta tana yi wa ofis wayam bayani dalla-dalla a kan rashin ladabin yaran zamani. Daɗin da na ji ranar ba na mai tsoron Allah ba ne. Na riƙe maganar kwana tara. A na goma matar direba ta biyo ta shagona, sai na faɗa mata, ba don gulma ba, don ta sa shi a addu'a. Ita kuma ta sa shi, ran Asabar, da ƙarfi, a gaban kowa. Ta roƙi Allah ya kiyaye bawansa a kan gada, ya kuma saka wa Malam mai agogo da alheri.

Uwar Zumunta ta buɗe ido tun ba a ce amin ba. “Wane Malam?”

Kafin Laraba labarin ya zaga Television ya kai Narayi, kuma ya yi ƙiba a hanya. Wai a shagon Musulmi ake rubuta mana wa'azi. Wai shi ya sa bai yabi Honarabul ba, don Malamin ɗan wata jam'iyya ne. Wata ta rantse ta lura tun tuni yadda yake naɗe hannun riga kamar mai shirin alwala. Babu wanda ya tambayi abin da ya kore shi daga ofishinsa.

Dattawa suka kira taro, aka ce mu bakwai mu zo a matsayin shaidu. Honarabul ne ya jagoranta. Fasto ya tsaya ya faɗi gaskiya ba tare da ya ɗora wa kowa laifi ba. Ya ce wuri mai shiru yake nema, ya kuma samu. Wani tsohon dattijo ya tambaya, “To, ofishinka fa, me ya same shi?” Fasto ya dube mu, mu bakwai a jere cikin ɗankwali, ya ce, “Ofishin lafiyarsa ƙalau, Baba.”

Malama ce kaɗai ta miƙe. Ta ce, “Ku tambaye mu mana. Mu muka hana shi sakat.” Honarabul ya ce mata ba a ba shaidu damar jawabi ba. Sannan ya ce tunda yanzu mulkin farar hula ake yi, ba za a yi wa kowa danniya ba, za a kaɗa ƙuri'a. Dattawa suka ɗaga hannu, shi kuma ya ƙirga da kansa, yana kallon fuskar kowa. Aka rubuta wa shugabannin gunduma takarda cewa ikilisiya tana bukatar makiyayi mai ƙarin shekaru. Ni ina zaune ina kallon ƙafafuna. Ba a tambaye ni komai ba, ban kuma nemi a tambaye ni ba.

Kafin Kirsimeti aka mayar da shi wani ƙaramin coci a ƙauye, can wajen Kachiya. Ranar tafiya zumunta ta fito cikin anko, da tuluna da caki, muka yi waƙar bankwana har da hawaye. Uwar Zumunta ta dafa motar kayan ta yi addu'a mai tsawo, ta gode wa Allah saboda wannan bawa nasa da muka riƙe kamar ɗanmu. Direban motar ya gaji ya tayar da inji, ita kuma ta ɗaga murya ta rinjayi injin.

Na kawo wa jaririn 'yan riguna biyu da na ɗinka da sabon yadi, na miƙa wa matar Fasto ta tagar mota. Ta karɓa hannu biyu ta yi godiya. Sannan ta ce, ba tare da fushi ba, “Mama, da na ɗauka ke daban ce.” Fasto ya leƙo ta gefenta ya ce in gai da maigida, ya ce Allah ya albarkaci aikin hannuna. Motar ta tashi.

Na ce na bar ɗakin ganguna ke nan. Malama ta bari da gaske, daga baya ma ta koma wani coci a Narayi. Ni na yi Asabar biyu a shago. A ta uku aka ce sabon Fasto ya iso, wani ƙaton mutum mai mata 'yar gayu, kuma wai akwai dalilin da ya sa aka ɗauke shi daga inda yake. Na rufe shago wajen goma saura kwata, na ce wa maƙwabciyata in wani ya zo karɓar ɗinki ta ce na tafi addu'a.